Dokar harshe a lardin Bagmati: me ta warware wa al'ummar Newar, me kuma ta bari?

A watan Mayun 2024 ne lardin Bagmati na ƙasar Nepal, wanda Katmandu babban birnin ƙasar yake cikinsa, ya fara aiki da dokar da ta ƙara harsuna biyu, wato Tamang da Nepal Bhasa, a kan harshen Nepali a matsayin harsunan gudanar da aikin gwamnatin lardin. Al'ummar Newar, masu harshen Nepal Bhasa, sun yi bukukuwa a kan wannan mataki, sai dai wanda yake bin labarin daga nesa zai iya rikicewa ta fuskoki da dama. Zai tambayi bambancin Nepal Bhasa da Nepali, tunda sunayen kamar ɗaya suke. Zai kuma yi mamakin yadda harshen mutanen da suka gina babban birnin ƙasa, waɗanda har yau suna cikin masu ilimi da dukiya a Nepal, ya wayi gari yana neman doka ta kare shi. Amsar tana cikin tarihin shekaru fiye da 250, kuma rabinta batun gonaki da filaye ne.

## Sunaye biyu masu kama da juna

Newar, ko Newa kamar yadda suke kiran kansu, su ne mazauna Kwarin Katmandu na asali. Kwarin wani fili ne mai albarkar noma da tsaunuka suka kewaye, inda tsofaffin birane uku suke: Katmandu, da Patan wanda ake kira Lalitpur, da Baktapur. A harshensu sunayen waɗannan birane su ne Yen da Yala da Khwopa. A zamanin da, kalmar Nepal wannan kwari kaɗai take nufi, shi ya sa mutanensa suke kiran harshensu Nepal Bhasa, ma'ana harshen Nepal, suke kuma kiran kalandarsu Nepal Sambat. Baƙi da wasu masu bincike suna cewa "Newari", amma yawancin masu fafutukar harshen ba sa son wannan suna, kuma a 1995 gwamnati ta amince a hukumance cewa Nepal Bhasa ne sunansa.

Nepali kuwa wani harshe ne dabam, ɗan dangin Hindi da Bengali, wanda a da ake kira Khas Kura ko Gorkhali, kuma sai a ƙarni na 20 ne sunan Nepali ya tabbata a kansa. Nepal Bhasa yana cikin dangin harsunan Tibet da Bama, ko da yake ya aro kalmomi masu ɗimbin yawa daga Sanskrit, tsohon harshen addini da adabi na Indiya, saboda doguwar cuɗanya. Mai jin ɗaya ba ya fahimtar ɗayan sai ya koya. Saboda haka takaddamar suna tana da nauyi a wurinsu: suna ganin an ɗauki sunan ƙasarsu an ba wa faɗin mulkin da ya ci su da yaƙi, sannan aka ɗora shi a kan harshen masu mulkin.

Ya kamata a lura cewa Newar ba mabiya addini ɗaya ba ne. Akwai mabiya Hindu, akwai mabiya Buddha, kuma a gidaje da yawa an gauraya ibadun biyu. Suna da tsarin azuzuwan haihuwa na kansu, daga malaman addini irin su Bajracharya da Rajopadhyaya, zuwa 'yan kasuwa, da manoman Jyapu waɗanda suke da yawa ƙwarai a cikinsu, har zuwa azuzuwan da aka daɗe ana ƙasƙantarwa. Abin da ya haɗa wannan jama'a mai rassa da yawa shi ne harshe da wurin zama da bukukuwa, don haka raunin harshen ya fi yi musu barazana fiye da yadda zai yi wa al'ummar da addini guda ya ɗaure.

## Yadda harshen fada ya koma harshen tsakar gida

Nepal Bhasa yana cikin 'yan tsirarun harsunan danginsa da suke da tsohon adabi a rubuce. Akwai takardar ganyen giginya da aka rubuta da shi tun 1114, kuma a zamanin sarakunan Malla da suka mulki kwarin, musamman daga ƙarni na 14 zuwa na 18, da shi ake rubuta takardun fada da na cinikin ƙasa, da tarihin sarauta, da wasannin kwaikwayo, da littattafan magani da na taurari. Wasu daga cikin sarakunan ma mawaƙa ne. 'Yan kasuwar Newar sun riƙe fatauci tsakanin Indiya da Lhasa ta Tibet, masu sana'arsu kuwa sun yi suna har wani matashi cikinsu mai suna Araniko ya kai fadar Kublai Khan, sarkin Mongol da ya mulki Sin, a ƙarni na 13, inda ya gina farar hasumiyar ibada da take tsaye a Beijing har yau.

Sauyi ya zo ne lokacin da Prithvi Narayan Shah, sarkin Gorkha da ke yamma da kwarin, ya ci Katmandu da Patan a 1768, ya ci Baktapur a 1769, ya mayar da Katmandu cibiyar sabuwar daularsa. Harshen fada ya zama Gorkhali, amma ba nan take aka hana amfani da Nepal Bhasa ba. Matsin ya tsananta ne a zamanin iyalan Rana, waɗanda suka riƙe mulki a matsayin firaministoci na gado daga 1846 zuwa 1951. A farkon ƙarni na 20 aka daina karɓar takardun da aka rubuta da Nepal Bhasa a matsayin hujja a kotu, wanda hakan ke nufin cewa duk mai son kare gonarsa ko bashinsa dole ya koma wani harshe. A daidai wannan zamani ne aka tabbatar da wata kalanda dabam da tasu, wato Bikram Sambat, a harkokin gwamnati. A farkon shekarun 1940 aka ɗaure marubuta da dama, ciki har da Chittadhar Hridaya, wanda a kurkuku ya rubuta doguwar waƙarsa kan rayuwar Buddha, kuma a 1944 aka kori wasu malaman addinin Buddha daga ƙasar bisa dalilan da suka haɗa da rubutu da wa'azi da wannan harshe.

Abin lura shi ne cewa a cikin wannan matsi ne aka sami farfaɗowar adabin zamani. Nisthananda Bajracharya ya buga littafin farko da injin ɗab'i a 1909, Jagat Sundar Malla ya buɗe makaranta a gidansa yana kira da a koyar da yara da harshen uwa, kuma a Kalkata ta Indiya aka fara buga mujallar farko a 1925, tunda a gida ba hali.

Faɗuwar mulkin Rana a 1951 ta kawo ɗan sauƙi, har gidan rediyon ƙasa ya riƙa karanta labarai da Nepal Bhasa. Sai dai rahoton hukumar tsara ilimi ta ƙasa na 1956 ya ba da shawarar a yi amfani da Nepali kaɗai a makarantu, kuma mulkin Panchayat, wato tsarin da babu jam'iyyun siyasa a cikinsa, wanda Sarki Mahendra ya kafa bayan 1960, ya ɗauki manufar ƙasa ɗaya da harshe ɗaya a matsayin ginshiƙin haɗin kai. A 1965 aka cire Nepal Bhasa daga rediyo. Masu goyon bayan wannan manufa suna da hujjarsu, domin Nepal ƙasa ce mai harsuna fiye da 120 da take matse tsakanin Indiya da Sin, kuma suna ganin in babu harshe guda da zai haɗa mutanen tsauni da na fili, ƙasar za ta iya narkewa cikin maƙwabciyarta ta kudu. Amma illar da abin ya yi a cikin gidaje ta fi ta rediyo zurfi. Iyayen da suka sha dariya ko horo a aji saboda karin harshensu sun yanke shawarar yi wa 'ya'yansu magana da Nepali tun daga goyo, don kada su sha irin wannan wahala. Waɗannan yara su ne iyaye da kakanni a yau.

## Daga hukuncin 1999 zuwa dokar 2024

Fafutuka ta zamani ta ɗauki tsari a 1979 da kafa ƙungiyar Nepal Bhasa Manka Khala ƙarƙashin jagorancin Padma Ratna Tuladhar. Da yake an haramta jam'iyyun siyasa a lokacin, jerin gwanon sabuwar shekarar Nepal Sambat ya zama hanyar da jama'a ke bayyana buƙatunsu. Bayan dawowar dimokuraɗiyya, kundin tsarin mulkin 1990 ya amince da sauran harsuna a matsayin harsunan ƙasa, ya kuma ba da damar karatun firamare da harshen uwa, amma ya bar Nepali shi kaɗai a aikin hukuma. A 1991 aka buɗe makarantar Jagat Sundar Bwonekuthi a Katmandu, wadda take koyarwa da Nepal Bhasa.

A 1997 majalisar birnin Katmandu ta yanke shawarar yin amfani da harshen a ofisoshinta tare da Nepali, kamar yadda wasu hukumomi biyu a kudancin ƙasar suka yi da harshen Maithili. Aka kai ƙara, kuma a ranar 1 ga Yunin 1999 Kotun Ƙoli ta soke matakin bisa hujjar cewa ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Masu fafutukar harsuna sun daɗe suna tunawa da wannan rana a matsayin baƙar rana. Wanda bai san wannan hukunci ba ba zai gane dalilin murnar 2024 ba, domin a wurin mutane da yawa sabuwar dokar amsa ce ga abin da kotu ta yi musu shekaru 25 da suka wuce.

Ƙofar ta buɗe ne da kundin tsarin mulkin 2015, bayan an kawar da sarauta a 2008 an koma tsarin tarayya mai larduna bakwai. Sashe na 6 ya ce duk harsunan uwa da ake magana da su a Nepal harsunan ƙasa ne. Sashe na 7 ya bar Nepali da haruffan Devanagari a matsayin harshen hukuma, amma ya ba kowane lardi ikon ƙara harshe ɗaya ko fiye ta hanyar dokarsa. Aka kafa Hukumar Harsuna, wadda a 2021 ta ba da shawarar Tamang da Nepal Bhasa ga Bagmati, majalisar lardin ta zartar da doka, aka fara aiki da ita a 2024. Iyakar dokar a bayyane take: ta shafi gwamnatin lardi ne, ba ta taɓa ma'aikatun tarayya da suka cika Katmandu ba. Haka kuma buƙatar da wasu 'yan Newar suka gabatar ta a ba su lardi mai sunansu ba ta samu karɓuwa ba, domin a 2020 aka raɗa wa lardin sunan kogin Bagmati, aka kuma kai hedikwatarsa Hetauda, wajen kwarin.

## Abin da ƙidaya ta nuna

Ƙidayar 2021 ta sami 'yan Newar 1,341,363, kimanin kashi 4.6 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, amma waɗanda suka ce Nepal Bhasa ne harshen uwarsu 863,380 ne. Wato fiye da kashi ɗaya bisa uku na al'ummar ba su tashi da harshen ba. Ko wannan adadi ma yana buƙatar taka-tsantsan, saboda mutum yana iya rubuta harshen kakanninsa a takardar ƙidaya don kishi alhali ba ya iya doguwar hira da shi. Hukumar UNESCO ta sanya harshen a rukunin waɗanda tabbas suke cikin haɗari, rukunin da ma'anarsa ita ce yara sun daina koyon harshe a gida a matsayin na farko.

A cikin kwarin kansa, masu magana da harshen sun kai kusan kashi 75 cikin ɗari a farkon shekarun 1950, suka sauko zuwa kimanin kashi 44 a 1991. Babban dalilin wannan shi ne ƙaura, domin Katmandu ce matattarar aikin gwamnati da jami'o'i da asibitoci, kuma yaƙin basasar da 'yan tawayen kwaminisanci masu aƙidar Mao suka yi da gwamnati daga 1996 zuwa 2006 ya ƙara koro mutane daga karkara. Mai shago a tsohuwar kasuwar Asan dole ya yi ciniki da Nepali, yaron da ke wasa a unguwa yawancin abokansa 'ya'yan masu haya ne daga wasu sassan ƙasar, makarantun kuɗi kuma da Ingilishi suke tinƙaho. Inda harshen ya fi ƙarfi a yau shi ne Baktapur da Kirtipur da ƙananan garuruwan manoma na gefen kwarin, inda unguwanni ba su wargaje ba tukuna.

## Guthi: gonar da ke riƙe da al'ada

A nan ne zancen harshe yake haɗuwa da zancen ƙasa. Kusan duk abin da baƙo yake gani ya yaba a kwarin, daga wuraren ibada masu rufi hawa-hawa zuwa bukukuwan da ake jan amalanke mai tsawon bene da yawa a titunan Patan, yana tsaye ne a kan wani tsari da ake kira guthi, wanda rubuce-rubucen dutse suka nuna yana nan tun zamanin sarakunan Licchavi, fiye da shekaru 1,400 da suka wuce. Wanda ya san waƙafi zai fahimci tushensa da sauri: mutum ya keɓe gona, ya ce amfaninta na gyaran wani gini ne, ko na kunna fitila a wurin ibada, ko na ciyar da mutane a wani biki, ko na kula da rumfar hutawar matafiya da indararon dutse da ake ɗiban ruwa. Bambancin shi ne cewa guthi ƙungiya ce ta mutane masu gadon aiki. Kowane gida yana da abin da ya wajaba a kansa, ɗawainiyar shekara tana zagayawa daga gida zuwa gida, dattijon da ya fi kowa shekaru ne yake jagoranci, wanda ya ƙi zuwa kuma a ci shi tara. Akwai guthi na jana'iza, wanda mambobinsa ne suke ɗaukar gawa su yi duk hidimarta, kuma a al'ada kusan babu gidan Newar da ba ya cikin irin wannan.

Duk waɗannan ayyuka da Nepal Bhasa ake yinsu. Da shi dattijo yake rarraba aiki, da shi ake koya wa samari kiɗan gangar dhime da waƙoƙin ibada na dapha, da shi masassaƙi yake kiran sassan amalanken biki da sunayen da babu su a Nepali. Idan guthi ya mutu, wurin da saurayi yake jin harshen ana aiki da shi a tsakanin manya ya rufe ke nan, ko da kuwa an rubuta shi a allon kowane ofis.

Gonakin guthi sun daɗe suna zaizayewa. Tun 1806 masu mulki suka ƙwace wasu don ɗaukar nauyin soja, kuma gine-ginen gwamnati da dama a Katmandu a kan irin waɗannan filaye suke. A 1964 aka kafa hukumar Guthi Sansthan don kula da guthi na sarauta, a shekarar da aka yi dokar sake fasalin mallakar ƙasa wadda ta ƙarfafa haƙƙin manoman da ke noma gonar wani. Daga baya aka ba irin waɗannan manoma damar biyan kuɗi su mayar da gonar guthi tasu, har sai da Kotun Ƙoli ta taka wa abin birki a 2008. Kuɗin da aka ajiye a madadin gona kuwa hauhawar farashi ta cinye darajarsa, ta yadda kason da ya isa a yi biki shekaru 40 da suka wuce ba ya sayen abin kirki a yau, sai mambobi su cika daga aljihunsu.

Wannan ne ya sa daftarin dokar guthi na 2019 ya tayar da ƙura. Gwamnatin K. P. Sharma Oli ta gabatar da shi da nufin kafa wata hukuma mai ƙarfi da za ta maye gurbin Guthi Sansthan, ta kuma sami iko a kan guthi na hukuma da na jama'a. 'Yan Newar suka ɗauke shi a matsayin yunƙurin raba su da ragowar filayen da bukukuwansu suka dogara da su. 'Yan sanda sun fesa wa masu zanga-zangar farko ruwa a dandalin Maitighar, abin da ya ƙara fusata jama'a, kuma a ranar 19 ga Yuni dubun dubatar mutane suka cika wurin duk da cewa gwamnati ta sanar da janye daftarin kwana ɗaya kafin nan. Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren: a wajen kwarin, musamman a gundumar Dang, akwai manoma matalauta, da yawansu 'yan ƙabilar Tharu, da suka yi zuriya bayan zuriya suna noma gonakin wuraren ibada ba tare da takardar mallaka ba, ba sa iya jinginar da gonar su karɓi bashi, kuma su ma suna zanga-zangar neman doka. Kalma ɗaya ce take rufe abubuwa biyu mabambanta, ƙungiyar unguwa mai raya biki a Patan da babban mai gonaki a Dang, kuma kuskuren daftarin shi ne auna su da mudu ɗaya. An janye shi, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin matsalar manoman tana nan.

## Bayan girgizar ƙasa

Girgizar ƙasa ta ranar 25 ga Afrilun 2015, wadda ta hallaka kusan mutum 9,000, ta rushe ko ta lalata gine-gine da yawa a wurare bakwai na kwarin da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya tun 1979. Sake ginin ya fito da wata takaddama: wa yake da hurumin yin aikin, kuma da wane irin kaya? Dokar ba da kwangila ta gwamnati tana fifita wanda ya nemi kuɗi mafi ƙaranci, kuma ɗan kwangila irin wannan siminti da rodi ya sani. Mazauna unguwanni da masana gini na gargajiya suka dage cewa jan bulo da kwaɓin laka da katako mai haɗe-haɗe suna lanƙwasa idan ƙasa ta motsa, kuma rashin gyara na shekaru ne ya kayar da yawancin gine-ginen.

A tafkin Rani Pokhari, wanda Sarki Pratap Malla ya haƙa wajen 1670, hukumar birni ta fara zuba kankare, jama'a suka yi ca, aka tsayar da aikin aka koma hanyar gargajiya, aka buɗe shi a 2020. Kasthamandap, babbar rumfar katako da birnin Katmandu ya samo sunansa daga gare ta, kwamitin da jama'ar wurin suke ciki ne ya sake gina ta, aka buɗe ta a 2022. Irin wannan farkawa ce ta sa aka matsa wa gidajen tarihi na ƙasashen waje lamba su dawo da gumakan da aka sace, kamar wanda aka ɗauke daga Patan a 1984, aka gano shi a wani gidan tarihi a Dallas ta Amurka, aka mayar da shi mazauninsa a 2021. A Khokana kuwa, garin manoma da ya shahara da man mustad, har yanzu ana jayayya kan babbar hanyar da za ta haɗa Katmandu da kudancin ƙasar, wadda aka damƙa wa sojoji aikinta a 2017. Gwamnati tana ganin hanyar za ta rage tsawon tafiya da tsadar kaya ga miliyoyin mutane, mazauna garin kuma suna cewa za ta bi ta kan gonakinsu da wuraren da suke gudanar da ibadunsu na shekara.

## Inda ra'ayoyi suka saɓa

Batun makaranta ne ya fi zafi. Hukumar birnin Katmandu ta shigar da wani darasi na musamman kan birnin da ake koyarwa da Nepal Bhasa daga aji 1 zuwa aji 8 a makarantun da ke ƙarƙashinta. Masu goyon baya suna cewa duk wanda ya zauna a gari ya kamata ya san harshen da sunayen unguwanninsa suka fito daga ciki. Masu suka, waɗanda suka haɗa da iyaye 'yan wasu ƙabilu da masu makarantun kuɗi, suna cewa yaron da harshen gidansu Maithili ne ko Tamang an ɗora masa harshe na huɗu alhali nasa ba ya cikin manhaja, kuma tilastawa ita ce abin da 'yan Newar suka yi kuka da shi a da. Kowanne ɓangare yana da gaskiyarsa, amma darasin 'yan sa'o'i a mako yana iya sa yaro ya san gaisuwa da tarihin gari, da wuya ya mayar da shi mai magana da harshen.

Akwai kuma saɓani a cikin gida. Yawancin littattafai da jaridun Nepal Bhasa na yau da haruffan Devanagari ake buga su, waɗanda kowa ya koya a makaranta, alhali tsofaffin rubuce-rubucen da ke ajiye a wurare irin su ɗakin adana littattafai na Asa suna cikin haruffan gargajiya, kamar Prachalit da Bhujimol da Ranjana mai ƙayatarwa. Lamarin ya yi kama da na ajami da boko ta wannan fuska: wanda bai iya tsohon rubutu ba ya yanke daga abin da kakanninsa suka bari, wanda ya dage sai da shi kuma ya rage yawan masu karanta shi. An shigar da haruffan Prachalit cikin tsarin Unicode, wanda yake ba da damar rubutu da su a kwamfuta da waya, a 2016, matasa suna koyar da Ranjana a tarukan zayyana, kuma Google Translate ya ƙara harshen a 2024. Sannan ga batun karin harshe, domin na Katmandu da Patan ne ya zama ma'auni a rubutu, mutanen Baktapur da na Dolakha kuwa suna ganin ana danne nasu.

Tambaya mafi wuya ita ce wace al'ada ake son a adana. Tsarin guthi ya ginu ne a kan azuzuwan haihuwa, inda wasu gidaje suka gaji ayyukan da ake raina masu yinsu, mata kuma a yawancin guthi suna dafa abinci amma ba sa zama a inda ake yanke shawara. Matasa daga azuzuwan da aka ƙasƙantar suna da dalilin gudun gadon da yake tuna musu da wulaƙanci, wasunsu ma barin harshen ya zame musu hanyar ɓacewa cikin jama'ar birni. Inda aka buɗe ƙofa, kamar ƙungiyoyin kiɗan dhime da suka fara karɓar 'yan mata, an ga yawan masu koyo ya ƙaru, kuma wannan alama ce cewa sassauci yana taimakon adanawa.

## Abin da zai shafi talaka

Wanda zai fi cin moriyar dokar Bagmati kai tsaye shi ne tsoho ko tsohuwa daga garuruwan manoma da Nepali bai zauna a bakinsu ba, idan har ofishin da suka je yana da ma'aikacin da zai saurare su. Wannan sharaɗi ne babba, domin aiwatar da dokar yana buƙatar masu fassara, da kalmomin shari'a da na mulki da aka daidaita, da kasafin kuɗi na kowace shekara, kuma duk wannan sau biyu, tunda Tamang ma yana da haƙƙi iri ɗaya kuma masu magana da shi sun fi yawa. Ga matasa, fa'idar tana cikin guraben aiki: idan iya Nepal Bhasa ya zama abin da ake ɗaukar malami ko mai fassara ko ma'aikacin lardi saboda shi, ɗaliban sashen nazarin harshen a Jami'ar Tribhuvan za su sami abin yi, iyaye kuma za su sami amsar da za su ba kansu idan suka tambayi amfanin koya wa yaro harshen.

Ga iyalin da ke tsohuwar unguwa kuwa, lissafin na kuɗi ne. Gidan gado da 'yan'uwa suka raba tsaye, kowa ya sami siririn yanki, ya fi riba idan aka rushe shi aka yi benen siminti aka zuba 'yan haya, masu gidan su koma bayan gari inda babu guthi kusa, babu maƙwabci mai jin harshen. Baktapur ta nuna wata hanya, inda hukumar gari take karɓar kuɗin shiga daga masu yawon buɗe ido tana kashewa a gyaran gine-gine da makarantu, tana kuma tallafa wa masu gina gida da fasalin gargajiya. Katmandu da Patan sun fi ta cunkoso da tsadar fili, kuma ikon yin dokar da za ta fayyace makomar gonakin guthi, wadda manoman Dang da masu bukukuwan kwarin suke jira kowa da fargabarsa, har yanzu yana hannun majalisar tarayya.